Kowa Ya Tuna Bara: Nazari a kan Begen Tsofaffin Littattafan Zane na Sadaukai da na Kimiyya a Amurka

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana yakan faɗo wa mutum a rai duk sa'ad da ya ji dattawa suna hirar littattafan zane da suka karanta a zamanin ƙuruciyarsu, suna yaba na da, suna kushe na yanzu. Abin da ake nufi da littafin zane a wannan takarda shi ne 'yar mujallar nan da ake ba da labari a cikinta ta hanyar jera zane-zane gurbi bayan gurbi, a kuma rubuta maganar kowane mutum cikin wata 'yar kumfa a saman kansa. Iri biyu daga cikinsu za mu duba. Na farko shi ne labaran sadaukai, watau jarumawa masu ƙarfin da ya wuce na bil'adama, irin su Superman da Spider-Man. Na biyu shi ne ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda suke ɗaukar mai karatu su kai shi wasu duniyoyi a cikin kumbo. Za mu taƙaita a kan abin da aka buga a ƙasar Amurka tsakanin 1938 da 1966.

Tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: idan aka tsame daɗin ƙuruciya, wanda ba ya buƙatar hujja, shin akwai abin da ya rage a cikin waɗannan littattafai da ya cancanci manazarcin adabi ya yi begensa? Amsarmu ita ce akwai. Ra'ayin da za mu kare shi ne, darajarsu ta fito ne daga ƙuncin da aka yi su a cikinsa: ƙuncin shafi, da ƙuncin launi, da ƙuncin aljihun masu yin su, da kuma ƙuncin masu tacewa. Za mu gwada wannan ra'ayi a kan labarai uku, sa'an nan mu faɗi aibin da begen yake rufewa.

2.0 Yadda Aka Yi Su

Kafin a shiga labaran, ya kamata a san irin kayan da ake magana a kai. Littafin zane ya fara zama hajar teburin mai jarida a 1934, lokacin da aka fitar da Famous Funnies a kan santi 10. A farkon al'amari tsofaffin zane-zanen jaridu ake tattarawa a sake bugawa. Da waɗannan suka yi ƙaranci, sai maɗaba'u suka shiga neman sababbin labarai masu araha, kuma waɗanda suka amsa kira yawancinsu samari ne 'ya'yan baƙin haure, waɗanda manyan jaridu da kamfanonin talla ba su buɗe musu ƙofa ba. Da shafi ake biyansu, ba su da haƙƙin mallakar abin da suka ƙaga, sau da yawa ma ba a sa sunayensu.

Takardar da ake bugawa a kai irin ta jarida ce, mai shan tawada, mai saurin yin ja. Tawada huɗu kacal ake amfani da su, sauran launuka kuwa sai a samo su ta hanyar ɗige-ɗige ƙanana da ake ɗora wani kan wani. Shi ya sa tufafin sadaukan suka zama ja jawur da shuɗi da rawaya, domin su ne launukan da ba sa dusashewa a irin wannan takarda. Labari ɗaya kuwa ba kasafai yake wuce shafi 6 zuwa 13 ba, saboda littafi guda yakan ƙunshi labarai da yawa.

Babu wanda ya yi su don a adana. Yaro ya saya, ya naɗe a aljihu, ya ba abokinsa aro, abokin ya ba wani, har littafin ya yage. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tattara tsofaffin takardu don aikin yaƙi, da yawa suka tafi a nan. A 1948 kuma an tara su an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton ta jihar New York, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Ashe ke nan ƙarancin da ya sa suka yi tsada a yau, rainin da aka yi musu jiya ne ya haife shi.

3.0 Superman na 1938: Sadaukin Talakawa

Labarin farko da za mu duba shi ne wanda ya fito a Action Comics na 1, mai ɗauke da kwanan watan Yuni 1938. Jerry Siegel ne ya rubuta, Joe Shuster ya zana. Dukkansu an haife su a 1914, dukkansu 'ya'yan Yahudawa ne baƙin haure, kuma a makarantar sakandare a birnin Cleveland suka haɗu. Sun yi shekaru suna yawo da wannan labari jaridu suna mayar musu, kafin su sayar da shafi 13 tare da dukkan haƙƙin mallaka a kan dala 130.

Wanda ya san Superman ta hanyar sinima kawai zai yi mamaki idan ya karanta wannan labari. Sadaukin ba ya tashi sama tukuna, tsalle yake yi. Ba ya yaƙi da wasu halittu daga samaniya. A cikin shafi 13 ɗin nan, ya kutsa gidan gwamna da tsakar dare don ya ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta yi ba. Ya tarar da wani yana dukan matarsa ya maka shi da bango. Ya ƙwaci Lois Lane daga hannun 'yan daba ya farfasa motarsu. Daga ƙarshe ya nufi birnin Washington ya damƙi wani dillalin cin hanci da yake juya wani ɗan majalisar dattawa. A fitowa ta 3 ya sa wani mai ramin haƙar ma'adinai ya ɗanɗana haɗarin da leburorinsa suke ciki. A fitowa ta 8 ya rushe wata unguwa ta ruɓaɓɓun gidaje don ya tilasta wa hukuma ta gina wa talakawa sababbi.

Idan muka dubi jigo, za mu ga cewa abokan gaban wannan sadauki su ne waɗanda talakan Amurka ya sani ido da ido a shekarun karayar tattalin arziki da ta faro a 1929: azzalumin maigida, da mai hannu da shuni marar imani, da ɗan siyasa mai sayar da amana. Ƙarfin Superman mafarki ne na wanda ba shi da ƙarfi. Clark Kent, ɗan jaridar nan mai tabarau wanda kowa yake rainawa, shi ne mai karatu, shi ne kuma marubucin. Daɗin labarin yana cikin sirrin da mai karatu ya sani, mutanen cikin labarin ba su sani ba, watau wanda kuke yi wa dariya shi ne wanda kuke jira ya cece ku.

Ta fuskar salo kuwa, zanen Shuster ba mai ƙawa ba ne. Fuskoki sun yi kama da juna, bayan fage sau da yawa fili ne kawai. Amma da yake an yanyanka zanen da aka shirya wa jarida aka cusa shi cikin shafi 13, sai labarin ya zama ba shi da lokacin gaisuwa. An faɗi asalin sadaukin a shafi ɗaya tak, a shafi na biyu kuwa sai mai karatu ya tsinci kansa a tsakiyar gudu, Superman yana tsalle cikin dare ɗauke da wata mata ɗaurarriya, ba a gaya masa ko wace ce ba. Tilas ne shi mai karatu ya cike giɓin da kansa. Wannan shi ne babban sirrin littafin zane: abin da ya auku a farar ratar da ke tsakanin gurbi da gurbi, mai karatu ne yake ƙaga shi a zuciyarsa. Ƙuncin shafi ya mai da shi abokin aikin marubuci.

4.0 “Judgment Day” na 1953: Gaskiya Cikin Kwalkwali

Bayan yaƙi kasuwar sadaukai ta faɗi, labaran ban tsoro da na 'yan fashi da na kimiyya suka maye gurbinsu. Kamfanin da ya yi fice a wannan fage shi ne EC, wanda William Gaines ya gada a 1947 bayan rasuwar mahaifinsa. Shi da editansa Al Feldstein suka fitar da Weird Science da Weird Fantasy a 1950, suka tara gwanayen zane irin su Wally Wood da Al Williamson da Joe Orlando, har suka riƙa mai da gajerun labaran Ray Bradbury zuwa zane.

Labarin da ake kira “Judgment Day”, watau ranar hukunci, ya fito a Weird Fantasy na 18 a 1953. Feldstein ya rubuta, Orlando ya zana, shafi 7 ne duka-duka. Wani ɗan sama jannati mai suna Tarlton ya sauka a wata duniya ta mutum-mutumin ƙarfe, don ya duba ko sun isa a shigar da su cikin tarayyar duniyoyi. Wani mutum-mutumi mai ruwan lemo ya zaga da shi, yana nuna masa ci gabansu cikin alfahari. Sai baƙon ya nemi a kai shi inda shuɗɗan mutum-mutumin suke. Ya tarar an ware su a unguwar da ba a kula da ita, an bar musu ƙasƙantattun ayyuka, a mota ma baya suke zama. Ya shiga masana'antar da ake ƙera su, ya nuna wa jagoransa cewa kayan ciki iri ɗaya ne, ɓawon waje kaɗai ya bambanta. Saboda haka ya yanke hukunci cewa ba su isa shiga tarayya ba tukuna, amma ya gaya musu cewa duniyar da ya fito ita ma ta taɓa yin irin wannan ciwo, ta kuma warke. Tun daga farkon labari har zuwa nan ba a ga fuskarsa ba, domin yana sanye da kwalkwalin 'yan sama jannati. A gurbi na ƙarshe, bayan ya koma kumbonsa, sai ya cire kwalkwalin. Baƙar fata ne, gumi yana ƙyalli a fuskarsa.

Ya kamata a lura da shekarar. A 1953 kotun ƙolin Amurka ba ta soke wariyar launi a makarantu ba tukuna, sai a 1954. Rosa Parks ba ta ƙi tashi daga kujerarta a bas ba, sai a Disamba 1955. A wannan hali ne littafin santi 10 ya gaya wa yaran fararen fata abin da malamansu da yawa ba su iya faɗa a aji ba.

Gwanintar zubi da tsarin labarin ita ce, an yi amfani da al'adar mai karatu aka kafa masa tarko. Yaron 1953 bai taɓa ganin ɗan sama jannati baƙi a littafi ba, don haka tun daga shafin farko ya riga ya zana farar fuska a cikin kwalkwalin da kansa. Ya yi shafi shida yana tir da wautar mutum-mutumin ƙarfe, yana ganin shi ya fi su hankali. Gurbin ƙarshe sai ya juyo da yatsan ya nuna shi. Rubutun zube zai sha wuya kafin ya yi wannan, domin marubuci sai ya yi ta kauce-kauce don kada ya siffanta tauraronsa, mai karatu kuwa zai farga. A zane, kwalkwali abu ne da ake sa rai a gani, ba wanda zai tuhume shi.

Ƙarshen labarin wannan labari shi ma abin nazari ne. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa littattafan zane alhakin kangarewar yara. A watan Afrilu na shekarar wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a New York a kan batun, Gaines ma ya ba da shaida. Don gudun kada gwamnati ta sa musu doka, sai maɗaba'un suka kafa hukumar tacewa ta kansu, mai suna Comics Code Authority, suka naɗa alƙali Charles Murphy shugabanta. Dokokinta sun hana nuna ɗan sanda ko alƙali cikin raini, sun kuma wajabta nagari ya yi nasara a kowane labari. Littafin da ba shi da hatiminta, yawancin dillalai ba sa karɓarsa. Da EC ta so sake buga “Judgment Day” a Incredible Science Fiction na 33, sai Murphy ya nemi a canza launin ɗan sama jannatin, abin da babu shi a cikin dokokin. Gaines da Feldstein suka ƙi, labarin ya fito yadda yake a farkon 1956. Wannan ne littafin zane na ƙarshe irinsa da kamfanin ya buga, ya koma ya dogara da mujallar barkwanci ta Mad.

Adalci ya sa a ƙara da cewa Wertham ba maƙiyin baƙar fata ba ne. Ya buɗe asibitin masu taɓin hankali a unguwar Harlem, ya kuma ba da shaida a kotu a jihar Delaware a kan cutarwar wariya a makarantu. Sai dai a 2012 wata manazarciya, Carol Tilley, ta bi takardunsa ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Hukumar tacewar kuwa ta ci gaba da rayuwa tana raguwa, har ta mutu a 2011.

5.0 Spider-Man na 1966: Nauyi a Wuyan Maraya

Bayan kafa hukumar tacewa, sadaukai sun dawo, amma sun dawo a ladabce. Superman da ya taɓa damƙar masu cin hanci ya koma abokin hukuma, labaransa suka zama na wasa da dabaru. Sauyi ya zo ne daga kamfanin Marvel a 1961, da Stan Lee da Jack Kirby suka fitar da Fantastic Four, sa'an nan a 1962 Lee da Steve Ditko suka fitar da Spider-Man a Amazing Fantasy na 15. Da yake an hana su taɓa alƙali da ɗan sanda, sai suka juya suka shiga cikin zuciyar sadaukin kansa, inda dokar ba ta kai ba.

Peter Parker maraya ne, ɗan makaranta, yana hannun baffansa Ben da matar baffan, May. Gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ya cije shi, ya sami ƙarfi. Abin da ya fara yi da ƙarfin shi ne neman kuɗi da suna. Wata rana ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, ya ƙi tare shi, yana ganin ba ruwansa. Wannan ɓarawon ne daga baya ya kashe baffansa. A shafi 11 an gama gina sadaukin da laifinsa ne ya haife shi. Mai nazarin tatsuniya zai lura da bambanci a nan: Gizo na tatsuniyoyinmu yakan yi ɓarna ya sulale da wayo, gobe ya sake, wannan gizon kuwa ɓarna ɗaya ya yi, ya kuma ɗauke ta a ka har abada.

Ƙololuwar wannan jigo tana cikin Amazing Spider-Man na 33, na watan Fabrairu 1966. May tana kwance rai a hannun Allah, kuma jinin da Peter ya taɓa ba ta ne ya sa mata cutar. Maganin da zai cece ta yana ajiye 'yan taku kaɗan a gabansa, amma wani ƙaton inji ya danne shi a maɓoyar Doctor Octopus a ƙarƙashin ruwa, rufin yana yoyo. Ditko ya ba wannan yanayi shafi biyar cur, a littafin da shafi yake da tsada. Babu abokin faɗa, babu naushi. Yaro ne kawai da ƙarfe da ruwa da tunanin baffansa. Ya fara da ƙananan gurabe masu matsi, inda sadaukin yake kamar ƙwaro a ƙarƙashin dutse. Yayin da yake yunƙurawa, sai guraben suke raguwa suna ƙara girma, ɗigon ruwa yana zama kwarara, har a shafi na biyar gurbi ɗaya ya cinye shafin duka, ya ɗaga injin ya jefar. Watau shafin da kansa yake numfashi tare da shi. Mai karatu yana jin nauyin a idonsa kafin ya karanta kalma ɗaya. Wanda bai saba da matsin ƙananan gurabe ba, ba zai ji faɗin babban gurbi ba. Ƙuncin ne ya ba yalwar ma'ana.

6.0 Abin da Bege Yake Rufewa

Mai bege yakan tuna zuma ya manta harbi, aikin manazarci kuwa shi ne ya tuna duka biyun. Abu na farko shi ne yadda waɗannan littattafai suka siffanta baƙar fata. Will Eisner, wanda ake ƙirgawa cikin manyan gwanayen fannin, ya ba tauraronsa na The Spirit wani yaro mataimaki, Ebony White, da aka zana da manyan leɓɓa da zazzaren idanu don a yi dariya. Labaran daji irin na Sheena sun mai da Afirka kurmi guda, mutanenta kuwa ko 'yan dako ko masu bauta wa farar mace. A 1947 wani ɗan jarida baƙar fata na birnin Philadelphia, Orrin Evans, ya fitar da All-Negro Comics, wanda baƙaƙe suka rubuta suka zana, amma bai wuce fitowa ɗaya ba. Sai a 1966 aka sami sadauki ɗan Afirka a manyan littattafan, watau Black Panther, a Fantastic Four na 52. Saboda haka “Judgment Day” ba wakilin zamaninsa ba ne, togaciya ce, kuma abin da ya ƙara masa daraja ke nan.

Abu na biyu shi ne zaluncin da aka yi wa masu aikin. Siegel da Shuster sun kai ƙara a 1947, ba su sami mallakar Superman ba, aka sallame su, aka cire sunayensu. Sai a 1975, bayan 'yan'uwansu masu zane sun tayar da ƙura a jaridu, kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mai da sunayen. Bill Finger, wanda ya yi babban aiki wajen ƙaga Batman, ya rasu a 1974 ba a san shi ba, sai a 2015 aka fara sa sunansa. Magadan Kirby ba su daidaita da Marvel ba sai a 2014, shekara biyar bayan kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4. Idan mun ce ƙunci ya haifi gwaninta, ba muna halatta ƙuncin ba ne. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu na uku shi ne yadda begen kansa ya zama kasuwa. Tun daga shekarar 2000 akwai kamfanin CGC da yake auna lafiyar tsohon littafi, ya ba shi maki, ya rufe shi ruf cikin akwatin roba. Wanda ya buɗe akwatin ya zubar da makin. A watan Afrilu 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na Action Comics na 1 a kan dala miliyan 6. Littafin da aka yi don yaro mai santi 10 ya karanta ya ba abokinsa, ya zama kadarar da sharaɗin darajarta shi ne kada a karanta ta. Ba a ga laifin mai adanawa ba, domin ba don shi ba da wasu sun ɓace. Amma bangon littafi kaɗai ake gani ta cikin roba, alhali duk abin da muka yaba a sama yana ciki ne.

7.0 Inda Abin Ya Shafe Mu

Wannan fanni bai tsaya a Amurka ba. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, sadauki baƙar fata wanda saran maciji ne lagonsa, amma Turawan Ingila ne suka zana shi, watau Dave Gibbons da Brian Bolland, har aka sa su lambata gurabe don wai kada mai karatu ya ɓata hanya. Sha'awar labarin mai ƙarfi da na tafiya samaniya kuwa ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Muna da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, muna da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, inda wanda ya tashi a gurgunce ya zama gagarabadau, muna kuma da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo na 1969, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Akwai fili babba ga ɗalibanmu su kwatanta waɗannan da takwarorinsu na zane: daga ina ƙarfin sadauki yake zuwa, wa yake yi wa aiki, kuma mene ne lagonsa.

8.0 Kammalawa

Mun duba labarai uku, shafi 13 da shafi 7 da shafi 5, waɗanda idan aka haɗa su ba su kai tsawon babi biyu na ƙagaggen labari ba. A na farko ƙarancin shafi ya sa mai karatu ya zama abokin ƙaga labari. A na biyu kwalkwali ya ɓoye gaskiya har zuwa lokacin da ba ta da makawa. A na uku girman gurbi ya zama ma'aunin nauyin da ke zuciyar maraya. A dukkansu an ba mai zane ɗan ƙaramin fili, ya kuma san darajar kowane taku a cikinsa. Wannan ne abin da ya cancanci bege, kuma abu ne da ake iya koya, a iya koyarwa, saɓanin ƙuruciya wadda ba ta dawowa.

Saboda haka muna ba da shawara biyu ga mahalarta wannan taro. Ta farko, sassan nazarin adabi su daina ɗaukar labarin zane a matsayin wasan yara, su sa shi cikin abin da ake nazarin jigonsa da salonsa da zubinsa, tun da an sake buga dukkan labaran da muka ambata cikin kundaye masu sauƙin samu. Ta biyu, masu zanenmu da marubutanmu da suke kukan tsadar takarda da ƙarancin maɗaba'a su dubi abin da aka yi da shafi 7 da tawada huɗu a 1953, su kuma dubi abin da ya sami Siegel da Shuster, kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba.